Antibodin PPAR-gamma: wanne za ka saya in aikinka a Kebbi yake kuma berayenka Wistar ne?

Wani ƙanena da ke mastas a sashen bayokemistiri ya same ni a Birnin Kebbi makon da ya wuce da takardun farashi har huɗu a hannu, kanshi ya ɗau zafi. Aikinshi dai irin wanda da yawa daga cikinmu munka sani ne: an ɗora berayen Wistar bisa abinci mai maiƙo, an yi musu allurar streptozotocin mai jawo ciwon suga, sannan ana ba su ruwan ganyen da anka tace, shi nashi zogale ne, wasu shuwaka, wasu sabara, ana kwatantawa da maganin ciwon suga pioglitazone. To supabaiza ya ce sukari da kolestarol kaɗai ba su isa ba, a nuna mishi abin da ke faruwa da PPAR-gamma. Hakan sai da antibodi, wato abin da ke gane furotin ɗaya ya kama shi don a gan shi, kuma kuɗin da yaron ga ya tara na kwalba ɗaya ne tak, in ya sayi wadda ba ta dace ba shi ke nan. Abin da na gaya mishi shi ne nika son in rubuta nan, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai irinshi a Aliero, akwai a Kalgo, akwai a Gusau.

Bari in fara da shi abin da ake nema ɗin, don rabin kuskuren daga nan yake farawa. PPAR-gamma furotin ne da ke zaune cikin nukiliyas, wato cibiyar ƙwayar halitta, yana haɗa kai da wani abokinshi RXR su hau bisa DNA su kunna ƙwayoyin gadon da ke sa a adana kitse a kuma ji maganar insulin. A 1994 ne masana Tontonoz da Spiegelman sunka nuna cewa in ka saka shi cikin ƙwayar da ba ta kitse ba yana iya juya ta ta koma ta kitse, a 1995 kuma anka gano cewa magungunan ciwon suga dangin pioglitazone da rosiglitazone shi suke kamawa. Iri biyu ne, gamma1 da gamma2. Na biyun ya fi tsawo da amino asid 28 ga mutum, 30 ga ƙaramin bera wato maus, kuma galibi cikin kitse ake samun shi. A bisa membiren, wato takardar da furotin ke fitowa layi-layi gwargwadon nauyinshi, suna fitowa wajen 53 da 57 kDa, kDa ɗin shi ne ma'aunin nauyin furotin. Ka riƙe wanga lamba da kyau, za mu dawo kanta. Yana da 'yan uwa biyu, PPAR-alfa wanda ya fi yawa a hanta kuma shi fenofibrate ke kamawa, da PPAR-delta. In aikinka na ƙona kitse ne a hanta, to mai yiwuwa ma alfa kake buƙata ba gamma ba, ka zauna da supabaiza ku warware wannan kafin a tura ko sisi.

Abubuwan da nika dubawa kafin in ce ma mutum saya guda shida ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko kuma babba: wace dabba? Takardar bayanin kowane antibodi tana jera dabbobin da anka gwada shi a kansu. Mu nan kusan kowa da babban bera yake aiki, wato rat, alhali kamfanoni da yawa mutum da maus suke fara gwadawa. Sai wace hanya za ka bi, westan bulot ne, wato ganin layin furotin bisa membiren, ko IHC, wato rina furotin bisa yankan nama a duba da madubin lab, ko ELISA, wato auna yawanshi cikin faranti mai ramuka, don antibodin da ya yi kyau ga furotin da anka dafa anka miƙe ba dole ne ya gane shi cikin naman da ya sha fomalin, ruwan adana nama, ba. Na uku farashi, amma ba farashin kwalba ba, farashin kowane gwaji guda, tare da antibodi na biyu, wanda ke kama na farkon ya sa a gan shi, da za ka saya daban. Na huɗu juriya, yadda zai iso nan da ranshi da yadda zai zauna cikin firij ɗin da wuta ke zuwa tana tafiya, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Na biyar sauƙin aiki. Na shida haɗarin ya nuna maka abin da ba shi ba ne. Wanga na ƙarshe ba wasa ba ne, a 2023 an buga wani bincike a mujallar eLife inda anka gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, fiye da rabi sunka faɗi a hanya ɗaya ko fiye, waɗanda anka ƙera ta hanyar rikombinan, wato daga ƙwayar gadon antibodin a lab, kuma su sunka fi yin abin kirki.

Zaɓi na ɗaya: monokulonal na zomo

Nan sunayen da za ka fi cin karo da su cikin mujallu su ne na Cell Signaling Technology, 81B8 mai lamba 2443 da C26H12 mai lamba 2435. Monokulonal yana nufin duk ƙwayoyin antibodin da ke cikin kwalbar iri ɗaya ne, wuri ɗaya suke kamawa jikin furotin, saboda haka kwalbar bana da ta baɗi kusan abu ɗaya ne. In ka same su da kitse mai kyau layukan biyu suna fitowa tsaf, na 53 a ƙasa na 57 a bisa, bango fari tas. C26H12 shi ake kaiwa ga naman da anka dasa cikin kakin farafin.

Kuɗi kam su ne masu tsada in ka auna da yawan ruwan, kwalbar da aka saba mikrolita 100 ce, in ka tsarma 1:1000 cikin mililita 10 ka ga bulot goma ke nan, ko da yake mu nan muna maida ruwan cikin firij mu sake amfani da shi sau biyu ko uku. Ajiya a firiza ce, digiri 20 ƙasa da sifili, yana cikin gilisarol kashi 50 don haka ba ya daskarewa, kuma kamfanin da kanshi ya ce kar a rarraba shi cikin ƙananan kwalabe. Gilisarol ɗin nan taimako ne gare mu, don abin da ke kashe antibodi ba ɗan ɗumi na awa biyu ba ne, daskarewa da narkewa ne a kai a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne dabba. Mutum da maus ne a jerin waɗanda anka tabbatar. Furotin ɗin bera da na maus sun yi kama ƙwarai, kuma akwai masu amfani da su a bera, amma in ka saya a haka kai ka ɗauki nauyin tabbatarwa, in bai yi ba ba ka da bakin neman a musanya maka. Mai kuɗin kwalba ɗaya ya yi tunani sau biyu.

Zaɓi na biyu: monokulonal na maus, E-8

Wannan na Santa Cruz ne, lambarshi sc-7273, tsohon hannu ne da ya daɗe cikin takardun bincike. Wutsiyar furotin yake kamawa, don haka gamma1 da gamma2 duk yana ganin su, kuma an jera mutum da maus da bera. Kwalbar mililita ɗaya ce cur mai mikrogiram 200, ko da ka zuba shi da kauri 1:200 cikin mililita 10 za ka samu bulot 20. Ajiyarshi a firij ce digiri 4, an ma hana a daskarar da shi, ga wanda lab ɗinsu ba su da firiza mai sola wannan babban sauƙi ne, firij na gida mai kyau da robobin ƙanƙara a gefe ya wadatar, sai dai ka kula kar ka jingina kwalbar da bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa.

Amma nan ne lambar da na ce ka riƙe take dawowa, kuma ina son in tsaya kanta don na gani da idona. Naman dabba yana da jini, jini kuma yana da antibodin dabbar ita kanta, wato IgG, babban sashenshi yana fitowa wajen 50 zuwa 55 kDa, daidai unguwar da PPAR-gamma yake. In antibodinka na farko na maus ne, dole na biyun ya zama mai kama IgG na maus, shi kuma wanga na biyun ba ya bambance wanda ka zuba da wanda ke cikin naman, kuma sau da yawa yana kama na bera ma saboda dangantaka. Akwai wata ɗaliba da munka yi aiki tare, ta samu layi mai kauri baƙi wuluk a duk samfurin hantarta, har ta fara rubuta babi na huɗu. Na ce mata ƙanwata yanke membiren ɗin biyu, rabi ki ba shi antibodi na farko, rabi ki ba shi madarar da ake tsarma antibodin da ita zalla, sannan duka ki zuba na biyu. Washegari layin ya fito a duka biyun, iri ɗaya sak. Ta zauna bisa kujerar lab ta yi shiru ta daɗe, wata uku na aikinta ke nan. Ba laifin antibodin ba ne, tsarin ne. Maganin abin shi ne ka sayi na biyu wanda anka tace shi daga IgG na bera, ko ka sayi E-8 ɗin da anka riga anka liƙa mishi HRP, sinadarin da ke sa layin ya bayyana, don ka tsallake na biyun gaba ɗaya, ko abin da su Santa Cruz ke sayarwa mai kama ƙaramin sashen IgG kawai, m-IgGκ BP-HRP. Ka kuma wanke naman da ruwan gishiri mai sanyi sosai lokacin yanka.

Wani abu kuma, in ka ga tsohuwar takarda ta ce sun yi amfani da H-100 na wanga kamfani, kar ka ɓata lokacin nema, polikulonal ne na zomo, kuma sun daina sayar da irinsu tun bayan sasantawar da sunka yi da hukumar noma ta Amurka a 2016. In dila ya ce yana da shi sabo, ka tambaye shi daga ina.

Zaɓi na uku: polikulonal na zomo

Misalin da ya fi yawo shi ne na Proteintech mai lamba 16643-1-AP, an jera mutum, maus da bera. Polikulonal taron dangi ne, antibodi iri-iri daga jinin zomon da anka yi ma allura, kowane yana kama nashi wuri. Amfanin haka sigina mai ƙarfi, kuma ko fomalin ya ɓoye wuri ɗaya akwai sauran, shi ya sa yake da yafiya ga naman da bai samu kulawa ta ƙwarai ba. Tunda na zomo ne matsalar IgG ɗin can ta ragu sosai a naman bera. Kwalbar mikrolita 150 ce cikin gilisarol, ajiya a firiza, kuma suna da ƙaramar kwalbar gwaji ta mikrolita 20, abin da nika ba kowa shawara ya fara tambaya, ko a wajen Cell Signaling ma akwai irinta.

Haɗarinshi biyu. Ƙarin layuka da ba ka gayyata ba, wani a bisa wani a ƙasa, sai ka rasa wanne ne naka in ba ka da samfurin shaida. Sannan bambancin rukuni, zomon bana ba shi ne na bara ba, in kwalbarka ta ƙare tsakiyar aiki ka sayo wata mai lambar rukuni daban kana iya ganin sakamako ya sauya ba don berayen sun sauya ba. Ga mai mastas da zai gama da kwalba ɗaya wannan ba damuwa ba ce, ga mai PhD na shekara uku damuwa ce.

Zaɓi na huɗu: kit ɗin ELISA

Wannan shi dilolinmu sunka fi turawa, kuma na gane dalili, faranti mai rami 96, komai na cikin kwali, injin karantawa a 450 nm kusan kowane babban lab na da shi, cikin yini ɗaya ka samu lambobin da za ka zuba a manhajar lissafi ta SPSS. In ka cire ramukan ma'auni ka yi kowane samfuri sau biyu, samfuri wajen 40 zai ɗauka. Sauƙi kam babu kamarshi. Juriya ce ba shi da ita sosai, da an buɗe sai a yi a gama, kuma zafin hanya yana taɓa shi.

Abin da ke damuna da shi, kuma da gaske yana damuna, shi ne yadda ake auna PPAR-gamma cikin ruwan jini. Furotin ɗin nan cikin nukiliyas yake aiki, ba homon ba ne da ake sakowa cikin jini awa insulin ko adiponektin. Za ka samu lamba, kit kullum yana ba da lamba, amma mi lambar ke nufi? Kuma ba ka ganin nauyin abin da anka kama balle ka san ko shi ne, da yawan kit ɗin ma ba su faɗin wane antibodi ke ciki. In dole sai ELISA, to ka niƙa kitsen ko hantar, ka auna jimillar furotin, ka ba da sakamakon bisa kowane miligiram. In kuma jini kawai gare ka, wallahi gara ka auna adiponektin, shi ana sako shi cikin jini kuma PPAR-gamma ne ke kunna shi, pioglitazone ma yana ɗaga shi, ka ga kana da abin kwatance mai ma'ana.

| | Monokulonal na zomo | E-8 na maus | Polikulonal na zomo | Kit ɗin ELISA |
|---|---|---|---|---|
| Bera na cikin jeri? | a'a ga 2443 da 2435 | e | e | sai ka sayi na bera musamman |
| Yawa | mikrolita 100 | mililita 1 | mikrolita 150 | rami 96 |
| Kuɗin gwaji guda | mafi tsada | mafi araha | matsakaici | matsakaici, amma sau ɗaya ne |
| Ajiya | firiza | firij, kar ya daskare | firiza | firij, gajeren rai bayan buɗewa |
| Sauƙi | sai mai kayan bulot | sai an kula da na biyu | mai yafiya | mafi sauƙi |
| Babban haɗari | ƙila bai yi a bera ba | layin IgG wajen 50 zuwa 55 | ƙarin layuka, sauyin rukuni | lambar da ba ka iya tantancewa |

Maganar naira ban saka ba don tana bin dala, duk ukun farko kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne kafin a ɗora jigila da kwastam da ribar dila, ka nemi farashi wajen mutum uku a rubuce, da lambar kaya da girman kwalba. Na taɓa yin oda ta hannun wani dila, kwalin ya kwana a hanya fiye da mako biyu, ya iso tasha robobin ƙanƙarar sun koma ruwan ɗumi, kwalbar kuma ba takardar lambar rukuni. Tun daga nan sharaɗina shi ne a turo hoton kwalba kafin ta taso daga Legas, in ya yiwu kuma a yi oda lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu.

Ko wanne ka ɗauka akwai abubuwan da in babu su kuɗin ya tafi a banza. Ranar yanka ka ɗebi kitsen da ke jikin maraina na beran lafiyayye, shi ne shaidarka, don PPAR-gamma ya cika a nan, in antibodi bai nuna komai a wanga kitse ba to matsalar ba ta berayenka ba ce. Hanta lafiyayya kaɗan take da shi, sai ta yi kitse yake ƙaruwa, kar ka tsorata in rukunin lafiyayyu sun fito dishi-dishi. Niƙa kitse kuma sai haƙuri, bayan ka juya shi a sentirifuj za ka ga farin maiƙo ya taru a bisa awa man shanu bisa nono, ka soka allura ta ƙarƙashinshi ka zuƙo ruwan, ka sake juyawa ka sake zuƙowa, in maiƙon ya bi ka layukan za su jirkice. Ga masu IHC, awa 24 zuwa 48 cikin fomalin kashi 10 ya isa, ba a bar nama wata guda cikin kwalba ana jiran kuɗi ba, a dasa shi cikin kaki da wuri, sannan a dafa silaid cikin ruwan sitiret mai pH 6, tukunyar furesha ta girki ma tana yi. Launin ƙasa-ƙasan ya zauna cikin nukiliyas, wanda a ƙwayar kitse yake maƙale a gefe ya baje kamar an danne shi. In ka ga launi ya bazu ko'ina, datti ne.

Sai abu guda da eksitanal, wato mai jarrabawa daga waje, in mai ido ne zai tambaye ka: yawan furotin ba shi ne ƙarfin aikinshi ba. Magani irin pioglitazone kunna PPAR-gamma yake yi, kuma an nuna cewa kunnawar ma tana sa a rushe furotin ɗin da sauri, don haka kana iya ganin layin bai ƙaru ba alhali maganin na aiki. Shi ya sa yake da kyau ka haɗa da ɗaya daga cikin yaranshi, wato furotin ɗin da yake kunnawa, adiponektin ko FABP4 ko CD36.

To wa zai ɗauki wanne? In kai irin ƙanen nan nawa ne, berayen Wistar, kwalba ɗaya, ba kayan bulot a sashenku, ni polikulonal na zomo zan ce, ka yi IHC, don bulok ɗin kaki ba ya buƙatar wuta, kana iya zuba su cikin jaka ka hau mota zuwa Sakkwato ko Zariya inda ke da kayan aiki. In kuna da yawa a ƙarƙashin supabaiza ɗaya kuna son ku haɗa kuɗi, kuma firij kawai gare ku, E-8 zai ishe ku duka, amma ku saka kuɗin na biyun da anka tace cikin lissafi tun farko, kuma gwajin yanke membiren biyu ya zama na farko da za ku yi. In samfurinka na mutum ne, misali kitsen da anka ciro a tiyata da izinin kwamitin ɗa'a, ko kuma ƙwayoyin maus na 3T3-L1 da ake reno a lab su zama na kitse, ko kana da tallafin TETFund kana son ka raba gamma1 da gamma2 ka buga a babbar mujalla, monokulonal na zomo ne naka, 81B8 ga bulot, C26H12 in akwai IHC. ELISA kuma na wanda lokaci ya ƙure ma ne kuma yana da naman a firiza, ba jini ba. Shi ƙanen nawa ya tura a kawo mishi ƙaramar kwalbar mikrolita 20 tukuna, zai gwada ta bisa kitsen bera biyu, in nukiliyas ya yi launi sannan ya biya kuɗin babbar.